Kurakuran da ke hana WordPress haɗuwa da rumbun bayanai

Duk wanda ya taɓa ɗora WordPress, manhajar gina shafin intanet, ya san farin shafin nan mai layi ɗaya: "Error establishing a database connection". Manhajar ce ta nemi shiga rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, aka ƙi buɗe mata. Abin da ke damuna shi ne yadda masu koyo ke goge komai su sake ɗorawa, alhali galibi matsalar ba ta wuce layi huɗu na fayil ɗin wp-config.php ba: DB_NAME (sunan rumbu), DB_USER (sunan mai amfani), DB_PASSWORD (kalmar sirri) da DB_HOST (adireshin sabar da rumbun yake). 

Kuskuren da ya fi yawa na suna ne. A cPanel, shafin sarrafa asusun hostin, idan ka raɗa wa rumbunka "shago", yawanci sai a maƙala masa sunan asusunka a gaba, ya koma kamar "asusu_shago". Haka ma sunan mai amfani. Ka rubuta "shago" kawai, ba za a gane shi ba. Kwafo cikakken sunan yadda yake.

Sai wanda ya fi wahalar da mutane, domin ido ba ya ganinsa. Ka ƙirƙiri rumbu, ka ƙirƙiri mai amfani, sunaye da kalmar sirri duk daidai, amma ba ka haɗa su ba. Ka gina ɗaki, ka ɗauki mai gadi, ba ka ba shi makulli ba. Koma sashen MySQL a cPanel, ƙara mai amfanin a kan rumbun, ka zaɓi ALL PRIVILEGES. Ba tare da wannan izini ba, WordPress ba zai iya ƙirƙirar teburansa ba.

Kalmar sirri ma tana da tarko. In ka kwafo ta daga WhatsApp ko Word, wani lokaci fili na biyo ta a ƙarshe. In kuma akwai alamar ' a cikinta, za ta yanke layin PHP a tsakiya. Sauya ta ya fi sauƙi.

DB_HOST ba kullum "localhost" ba ne. Wasu kamfanonin hostin suna ajiye rumbun a wata sabar daban, su ba ka adireshinta. A Linux kuma, localhost da 127.0.0.1 ba hanya ɗaya suke bi zuwa rumbun ba, don haka gwada na biyun idan na farko ya ƙi. Mai aiki da XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwaji, a kwamfutarsa ya tabbata MySQL a kunne yake, kuma wata manhaja ba ta riga ta kama tashar 3306 ba. A XAMPP sunan mai amfani root ne, kalmar sirri babu komai, sai in kai ka saka.

Maimakon lalube, ka mayar da layin WP_DEBUG na cikin wp-config.php zuwa true, ainihin saƙon kuskuren zai fito, wani lokaci tare da lambarsa. 1045 na nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba, 1044 rashin izini, 1049 babu rumbu mai wannan suna, 2002 kuma ba a isa ga sabar ba sam. Idan saƙon ya ambaci caching_sha2_password, tsohon PHP ne ya haɗu da MySQL 8. Ɗaga PHP ɗin zuwa 7.4 ko sama.

Da ka gyara, mayar da WP_DEBUG zuwa false nan take, don kada baƙi su riƙa karanta hanyoyin fayilolin sabarka.