Darasi na 7: Harsashin Gida a Kan Baƙar Laka

Wanda ya san Dikwa da Ngala a Jihar Borno, ko Numan a Adamawa, ya san baƙar laka. Barebari na ce mata firgi, a kanta ake noman masakwa, wato dawar rani. Da damina takan sha ruwa ta kumbura. Da rani ta bushe ta tsuke, ta dare har hannu ya shiga.

Gidan da ke kanta ma motsi yake yi. Wannan gefe ya ɗaga, wancan ya nutse. Sai bango ya tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa. Maigida ya liƙe tsagar da siminti, baɗi ta dawo, domin ciwon yana ƙasa.

A irin wannan wuri, siririn ramin da aka saba tonawa a bi layin bango ba ya wadatarwa. Shimfiɗar kankare guda ɗaya ake zubawa, mai rodi, wadda za ta ɗauki gidan gaba ɗaya. Dubi faifai da ƙwarya a kansa: ko an ɗan karkata shi, tare suke tafiya.

Da farko a kwashe ƙasar sama da saiwoyi. A cika gurbin da jar ƙasa ko burji, kaɗan-kaɗan. Kowane zubi kada ya wuce inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai kafin a ƙara wani. A nan masu gaggawa suke cutar kansu: su juye tifa guda, su baje, su ce an gama. Daga baya cikon ya zauna, ya bar rami a ƙarƙashin daɓe.

Sannan a baza yashi, a shimfiɗa leda don tare danshi, a saƙa rodi kamar raga. Kankaren gefuna da na ƙarƙashin bango su fi kauri. A ɗora rodin kan ƙananan tubalan siminti, domin idan ya kwanta a ƙasa tsatsa zai yi. Kaurin rodi da zurfin tono kuwa aikin injiniya ne bayan an gwada ƙasar. 

Haɗin kankare da aka fi sani shi ne siminti awo 1, yashi 2, tsakuwa 4. Kada a cika ruwa don kwaɓi ya yi sauƙi. A zuba a rana ɗaya, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake bukata.

Bayan an tare, a lura da ruwa. Indararo ya zuba nesa da bango, a yi daɓe mai gangara kewaye da gida, a gyara famfo mai yoyo. Darbejiya ma, duk daɗin inuwarta, a dasa ta can nesa, don saiwarta na tsotse danshin gefe guda.

Aiki: ɗebo ƙasar filinku, jiƙa ta, cura ta, ka shanya. Zo da ita aji mu ga ko ta dare.