Karen da Aka Gudu Aka Bari: Inda Masu Taimako Ke Kuskure

Idan 'yan bindiga suka tashi ƙauye a wajen Sabon Birni, Isa ko Rabah, kowa na gudu da abin da hannu ya iya ɗauka. Kare shi ake bari yana zagaye gidan da babu kowa. Wani kan bi sawun masu shi har inda 'yan gudun hijira suka sauka, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. A Afghanistan, irin wannan ne ya sa wani sojan Birtaniya, Pen Farthing, ya kafa ƙungiyar ceton dabbobi ta Nowzad a 2007. A nan Sakkwato kuwa, maƙwabta da mafarauta ne ke tausaya musu, kuma tausayin da babu sani kan cutar da karen da mai taimakonsa.

Kuskuren farko shi ne kai hannu nan take. Karen da ya sha ƙarar bindiga a firgice yake, yana iya cizon ko da mai shi ne. A ajiye masa ruwa a inuwa, a ja da baya, a hana yara jifansa ko zagaye shi. Ruwan ma ya fi abinci gaggawa a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40.

Sai batun ci. Mutum ya ga ramar ya tausaya, ya juye masa kwanon tuwo da miya. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar wannan. Amai da gudawa ke biyo baya, wani ma ya mutu. A ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Miyarmu ba ta rasa albasa, albasa kuwa tana lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza ma yana tsagewa ya soke hanji.

Wasu kan shafa masa baƙin mai ko fiya-fiya don kashe kaska da ƙazuwa. Guba ce, yana lasa ta shiga cikinsa. Haka ma ba shi farasitamol na mutane. A kai shi asibitin dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a cikin garin nan.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne raina cizo. Ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Ƙona gashin karen a shafa a raunin ba ya hana komai. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar don fara allura, ko da yaƙushi ne kawai. Kada a kashe karen a jefar cikin fushi. A tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jinkirta allurar wanda aka ciza ana jiran sakamako. Karen da bai ciji kowa ba ma a ware shi, a yi masa rigakafi kafin ya haɗu da na gida.

Akwai masu ƙyamar taimakon gaba ɗaya saboda najasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan: a tura yaro ko matashi ya koma ƙauyen da aka tasa don ɗauko kare. A jira sai hanya ta buɗe mutanen garin sun fara komawa. Kafin nan, a riƙa tambaya a wuraren da 'yan gudun hijira suke, domin sau da yawa mai karen da aka tsinta yana kusa, yana cigiyarsa.