Kafin ka ɗora wa bangon gidanka injin feshi a Amurka

Wanda ya sauka a Atlanta ko Houston ko wajajen Maryland, Allah ya hore masa ya bar ɗakin haya a bene ya koma gida mai fili da ciyawa, ba zai daɗe ba zai ga abin da bai saba gani ba: bangon gida yana yin kore. Yawanci ta arewa yake farawa, inda rana ba ta cika dukan bangon ba, sai ya bi ƙasan taga da duk inda inuwar bishiya take sauka. In unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, wadda suke kira HOA, wata rana za ka buɗe akwatin wasiƙa ka tarar da takarda, wani lokaci har da hoton bangon naka, an ba ka wa'adi ka wanke ko a ci ka tara. Daga nan shawarwari za su fara zuba, a masallaci bayan Juma'a, a zauren WhatsApp, a wurin aiki. Duk bakinsu ɗaya: "Malam, je ka Home Depot ka yi hayar inji, kafin la'asar ka gama." Home Depot babban kantin kayan gini ne, injin kuma mai fesa ruwa da matsi mai ƙarfi ne don wanki. Masu faɗa da zuciya ɗaya suke faɗa, amma rabin abin da ake yaɗawa kan injin nan ba haka yake ba.

In a gidan haya kake zaune, fara da duba takardar yarjejeniya. A mafi yawan lokuta wankin bango da rufi na mai gida ne, kuma in ka yi gaban kanka ka lalata wani abu, daga kuɗin ajiyarka za a cire. Ka tura masa hoton takardar HOA ɗin, ka ajiye shaidar ka tura. Sauran bayanin na wanda gidan ke wuyansa ne.

Tushen ruɗanin shi ne muna auna gidan nan da gidan da muka baro. A Kano ko Maraɗi bulo ne da siminti da shafe, ka watsa masa ruwa yadda ka ga dama, rana ta busar kafin azahar. Gidan Amurka kuwa, galibinsa katako ne aka kafa, aka lulluɓe da allo, aka shimfiɗa wata takarda mai tare ruwa, sannan aka jera fale-falen roba ko na katako a waje. Ka matsa kusa da bangon ka danna falle ɗaya da yatsa, za ka ji yana lotsawa. Ka sunkuya ka leƙa ƙasansa, za ka ga ƙananan huji a jere, an yi su ne don danshin da ya shiga ya samu hanyar fita. Jerin nasa irin na jinka ne: na sama ya hau kan na ƙasa, ruwan da ya zubo daga sama ya zame ya wuce, amma wanda aka cusa daga ƙasa kai tsaye zai shige. To mai wanki a ƙasa yake tsaye, hawa na biyu kuma yana sama, don haka dole ya ɗaga bakin injin. Ruwan sai ya bi ta hujin nan da gaɓar fale-falen ya kwanta a bayan bango, inda ba rana ba iska. Ba ranar za ka gane ba. Sai bayan watanni ka ji ɗakin yara yana warin danshi, ko ka ga fentin ciki ya kumbura.

Sai zancen ƙarfi. Mutane sun ɗauka gwargwadon ƙarfin inji gwargwadon tsafta, shi ya sa kowa ke neman mai babbar lamba. Da PSI ake auna matsin ruwan. Famfon gida yana ba da 40 zuwa 60. Ƙaramin inji mai lantarki yana kai wa 1,500 zuwa 2,000, mai fetur kuma 3,000 ko fiye. Wannan ƙarfin yana da wurinsa: dandamalin siminti da ake ajiye mota, hanyar ƙafa, dakalin dutse. A bangon roba kuwa yana fasa falle, musamman wanda rana ta daɗe tana ci. Yana kwashe simintin da ke tsakanin jan bulo a tsohon gini. Yana tayar da gashin katakon baranda har yaro ya kasa taka shi ba takalmi. Tagogin nan masu gilashi biyu, in ya ɓalle liƙin da ke tsakaninsu sai hazo ya shiga ya zauna, ba ya goguwa ta ciki ba ya goguwa ta waje, sai dai a sauya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai kuma wani gwaji da ya kamata ka yi kafin komai. Ka shafa tafin hannu a bangon. In ka ga farin gari kamar alli ya maƙale maka, fuskar robar ce rana ta ƙona. Ka sa wa irin wannan bango matsi, duk inda bakin injin ya bi zai bar zane, gidan ya fito da rodi-rodi, kuma ba wankin da zai mayar da shi daidai.

Koren nan fa ba ƙura ba ne. Mun saba da ƙurar hunturu, wadda ruwa kaɗai ke kore ta. Wannan gansakuka ce da funfuna, abu ne mai rai, danshi da inuwa ke ciyar da shi. In ka kankare shi da ƙarfin ruwa, na sama ka cire, irinsa yana nan a maƙale, nan da nan zai dawo. Kashe shi ake yi. Abin da ƙwararrun masu wankin gida suke amfani da shi ba wani sirri ba ne, bilic ne, irin Hypo ko Jik ɗin da muka sani, a tsarma shi da ruwa. Na kanti a nan ƙarfinsa kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ne, bango kuwa wajen kashi 1 ya ishe shi, wato kofi ɗaya na bilic a kofi biyar ko shida na ruwa, da ɗan sabulun da aka rubuta a jikinsa cewa yana haɗuwa da bilic. Ka zuba a tankin feshi na hannu, irin na feshin gona. Ka fara jiƙa shuke-shuken gindin bango da ruwa zalla sosai. Ka fesa haɗin daga ƙasa zuwa sama, ka ba shi kamar minti goma, kar ka bari ya bushe. A gaban idonka koren zai koma ruwan ƙasa, sannan ya dushe. Sai ka ɗauraye da tiyo daga sama zuwa ƙasa, ka sake ba shuke-shuken ruwa. In wani wuri ya yi taurin kai, buroshi mai laushi mai dogon hannu ya isa. Gida mai hawa ɗaya, a ganina, bai buƙatar inji ko kaɗan.

Kar ka ce za ka ƙara wa haɗin ƙarfi da wani abu. Bilic da amoniya, wadda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, suna haifar da iska mai guba. Bilic da ruwan kal ma haka, iskar kulorin suke fitarwa. Masu cewa bilic yana kashe duk wata shuka sun ɗan yi gaskiya, yana ƙona ganyen da aka bari a bushe, shi ya sa ake jiƙawa kafin da bayan.

Rufi kuma kar ka kusance shi da inji, ko da maƙwabcinka ya yi ka gani. Rufin mafi yawan gidajen nan ba kwano ba ne, fale-falen kwalta ne da aka barbaɗa wa ƙananan tsakuwa, kuma tsakuwar ce ke kare kwaltar daga rana. Baƙin zanen da ke gangarowa a kansa wata ƙwayar halitta ce mai suna Gloeocapsa magma, tana samun abinci daga farar ƙasar da ake haɗawa cikin fale-falen. Matsin ruwa yana kwashe tsakuwar, za ka gan ta ta taru a cikin indararo, shekarun rufin ne ke tafiya. Ƙungiyar kamfanonin da ke yin wannan rufi, ARMA, ta hana wanke shi da matsi. Abin da ta ce shi ne rabi bilic rabi ruwa, a bar shi minti 15 zuwa 20, a ɗauraye a hankali. Duk da haka ni ba zan ba sabon zuwa shawarar hawa rufi mai santsin bilic ba. Wannan aikin a biya mai shi.

Abin da ya fi damuna, kuma ba a cika maganarsa a cikinmu ba, shi ne tsohon fenti. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidajen zama. Gidajen da sabon zuwa ke iya saye ko haya a tsofaffin unguwannin Baltimore, Philadelphia, Cleveland ko Detroit, da yawansu sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ko mai ba da haya ya ba ka takardar gargaɗi kan dalma in gidan kafin 1978 aka gina shi. Yawancinmu mun sa mata hannu cikin tarin takardu ba mu karanta ba. In ka ɗora inji a irin wannan bango, fentin zai farfashe ya watsu cikin ƙasar tsakar gida, inda yara ke wasa suna kai hannu baki, inda uwargida ta shuka alayyafo da yakuwa. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ta shiga jinin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa ba tare da an ga alama ba. Ka duba shekarar ginin a takardun gidan. In tsoho ne, a gwada fentin tukuna, kuma in za a kankare shi a nemi ɗan kwangilar da ke da takardar shaidar hukumar kare muhalli ta EPA, wadda aka wajabta tun 2010. Wasu gidajen na shekarun 1940 zuwa 1960 ma bangonsu falen siminti ne mai asbestos, wani zaren dutse da ƙurarsa ke cutar da huhu, shi ma ba a farfasa shi.

"Ai ruwa ne kawai," in ji masu wanki da silifas da gajeren wando. Kawunan feshin launi-launi ne, kowanne da faɗin da yake watsa ruwa: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Jan nan ruwan yake tattarawa wuri ɗaya kamar tsinin allura, yana rubutu a siminti. Ka cire shi ka jefa a aljihun tebur. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2014 kaɗai mutum sama da 6,000 sun je sashen gaggawa saboda wannan inji. Raunin yana da yaudara: a waje ɗan huji ne ba jini sosai, a ciki kuwa ruwa da datti sun shige can cikin tsoka. In ya same ka, kar ka ɗaure da ƙyalle ka ce gobe, asibiti kai tsaye, ka gaya musu injin feshi ne. Kar ka hau tsani da shi, domin da ka matsa kunamar yana tura ka baya. Ka nisanci mitar wuta da soket na waje da wayar da ta shigo gida. Mai fetur kuma hayaƙinsa irin na janareta ne, wanda muka san yadda yake kwantar da iyali guda cikin dare. Ba a tayar da shi a gareji ko da ƙofa a buɗe take.

Ruwan wankin ma ba inda ya ga dama zai tafi ba. Magudanar bakin titi a yawancin garuruwa ba ta bi ta matatar ruwa, rafi take faɗawa kai tsaye. A Maryland za ka ga an rubuta a bakin wasu cewa mashigin tekun Chesapeake suke zuba. Garuruwa da yawa suna cin tarar wanda ya tura sabulu ko sinadari ciki, kuma maƙwabta a nan ba sa jin nauyin buga waya. Ka karkatar da ruwan ya bi ta ciyawa.

Lokacin yi kuwa, a jihar Jojiya da maƙwabtanta ka bari ƙurar furen bishiyoyi mai launin rawaya ta Maris da Afrilu ta gama sauka, in ba haka ba aikin banza ka yi. Ka zaɓi ranar da ba rana mai zafi, don kar haɗin ya bushe a bango. Da sanyi ya kai ruwa na daskarewa, a haƙura. In ka sayi inji, ka tsiyaye ruwan cikinsa kafin hunturu, ƙanƙara tana fasa famfonsa.

In ka yanke shawarar ɗaukar mai wanki, za ka ga masu ƙwanƙwasa ƙofa da farashi mai daɗin ji. Araha ba ta ado. Tambaya biyu za ka yi masa: da wane matsi zai wanke bangon, kuma ina takardar inshorarsa. Wanda ya fara yi maka alfahari da PSI 4,000, ka yi masa godiya ka rufe ƙofa. Wanda ya zagaya gidan ya duba tagogi, ya tambayi shekarar ginin, ya ce ka rufe soket ka matsar da mota, shi ne ya san aikin.

Haka zancen yake ga 'yan'uwanmu matasa da ke ganin bidiyon wankin dandamali a YouTube su ce ga sana'a mai sauƙin jari. Sana'a ce ta gaske, ana ci da ita, amma taga ɗaya ko rufi ɗaya da ka lalata zai iya cinye ribar wata da watanni. Ka tabbata takardunka sun ba ka izinin aiki, ka yi rajistar sana'ar a gari ko gundumar da kake, ka yanki inshora kafin ka taɓa gidan kowa. In da hali ka bi wani ƙwararre na kaka ɗaya kana riƙe masa tiyo, sannan ka fara karɓar dandamalin siminti kafin ka kai ga bango.