Darasi na 9: Notin da ya cije a jikin moto

A fara da karanta waɗannan a bayyane, kowa ya ɗauki layi ɗaya:

Noti ya cije.
Sifana ta zame.
Kan noti ya cinye.
Yaro ya dakata, ya kira maigida.

Ku rubuta cije da cinye a kan allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. A rubuce sun yi kama, a gareji kuma ɗaya ce ke haifar da ɗaya. In aka ce noti ya cije, ya ƙi juyawa ke nan, amma kansa lafiya lau, kusurwoyinsa shida suna nan. In aka ce ya cinye, kusurwoyin ne suka goge, kan ya mulmule kamar ƙwallon goruba, sifana ba ta da wurin kamawa. Cijewa aikin tsatsa ne da zafi. Cinyewa kuwa aikin hannunmu ne, kuma ita nake so mu rabu da ita daga yau.

Noti shi ne wanda wasunmu ke ce wa bulon, sifana kuma kile. A Damagaram duka sunayen ana jin su, domin wasu kayan gyara daga Kano suke zuwa da sunayensu, wasu kuma sunan Faransanci ne ya bi su.

Me ke sa noti ya cije?

Moton da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Mirya ko Magarya yana shan ruwa da laka da damina, ga kuma wanki kullum. Ruwan yakan sulale tsakanin zaren noti da raminsa, tsatsa ta fito. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, shi ya sa take toshe ramin ta matse noti. Notin salansa ya fi kowane shan wannan wahala, don kullum cikin zafi da hucewa yake. Jikin inji kuma alminiyom ne, noti ƙarfe. In suka daɗe tare da danshi, wani farin gari kamar toka yakan fito tsakaninsu ya haɗe su. Na uku shi ne ɗaurin wuce kima, irin na mai zura bututu a hannun sifana don ƙaramin noti.

Lambar da ke jikin sifana

A nan karatunku zai biya ku. Kowace sifana tana da lamba a jikinta. Lambar nan faɗin kan noti ce, daga gefe zuwa gefe, da milimita. Motocin Japan da yawancin na Sin suna amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Lamba 13 ba ta cikinsu, amma kusan kowane akwatin kayan aiki yana da ita, kuma tana shiga kan noti mai 12 ba gardama. Bambancinsu milimita ɗaya ce tak, ko kaurin ƙwayar gero ba ta kai ba. Wannan ƴar tazara ita ce ke cinye noti. Sifanar da ta yi daidai tana kwanciya a gefen noti gaba ɗaya. Wadda ta yi yawa kuwa bakin kusurwa kaɗai take taɓawa, da ka matsa sai ta aske shi.

Ku lura da wani abu kuma. Notin da aka saya a kasuwa aka musanya na asali da shi, yana iya zuwa da kai mai 13 alhali zarensa ɗaya da na mai 12. Saboda haka tsohon moto yakan ɗauki duka biyun. Kar ka ce ai jiya da 12 na kwance ɗan'uwansa. Ɗora sifana, ka girgiza ta. In tana rawa, ba ita ba ce.

Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, kuma in an matsa mata bakinta yakan buɗe. Ba da ita ake fara notin da ya cije ba. Mai ƙari da ragi ta fi ta muni a wannan aiki. Mai zobe ta fi su. Wadda ta fi duka ita ce soket, mai kamar ɗan kofi da ke kifewa a kan noti, kuma a cikin soket ɗin ma a leƙa a ƙirga: akwai mai kusurwa 12, akwai mai 6. Mai 6 ake so.

A karanta wannan, mutum uku su raba muryoyin

Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a gareji ranar Alhamis, kasuwar Dole ta cika, fasinja na jiransa. Salansarsa na ƙara. Yaron gareji ya ɗauki sifana ya ja noti, sai ta zame.

"Maigida, ta zame."
"Sau nawa?"
"Sau ɗaya."
"To ajiye ta. Karanta mini lambarta."
"Sha uku ce, maigida."
"Notin sha biyu ne. Kawo soket mai kusurwa shida, da guduma, da mai."
Mai moto ya ce, "Haba Malam, ka bar shi ya ƙara ja mana, sauri nake."
Maigida ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. In ya ƙara ja sau biyu, moton nan a nan zai kwana. Je ka sha shayi ka dawo."

Tambayar maigida ta farko ita ce ta fi muhimmanci: sau nawa? Zamewa ɗaya, noti na da sauran rai. Ta uku, sai dai walda.

Kwancewa cikin lallami

Da farko ka tabbata ina kake juyawa. In kana fuskantar kan noti, bin hannun agogo ɗaurewa ne, saɓa masa kwancewa. Mutane da yawa sukan rikice a notin zubar da baƙin mai, don yana ƙarƙashin inji, kansa na kallon ƙasa. Suna tsaye a sama suna ƙara ɗaure shi, su a ganinsu kwancewa suke. Durƙusa ka dubi kansa. Akwai kuma ƴan notuna masu zaren hagu, kamar madubin hannun dama na Yamaha, waɗanda ake kwancewa ta bin hannun agogo.

Goge kan notin da burushin waya har ƙarfe ya fito, don laka da ta bushe tana hana soket zama. Sa'an nan ka fesa man kwance tsatsa, irin su WD-40, a gindin noti, inda zare ya shiga rami. In babu, gazuwal ko kananzir na taimakawa. Wasu na ɗiga man birki, amma yana cin fenti. Man nan ba nan take yake aiki ba. Ba shi rabin awa, in notin salansa ne da ya shekara ba a taɓa ba, ka fesa da yamma ka dawo da safe.

Kafin ka ja, ƙwanƙwasa kan notin da guduma, tsaye a kai, sau biyar ko shida, ba da ƙarfin fasa dutse ba. Girgizar na farfasa tsatsa a ciki, mai ya samu hanya. Kifa soket har ƙasa, dafe shi da hannun hagu kar ya karkace, ka ja a hankali ba fizga ba. In bai motsa ba, gwada ɗaure shi kaɗan, ɗan ƙis, sa'an nan ka dawo. Da ka ji ya motsa, kar murna ta sa ka zarce. Kwance kwata, mayar, ƙara mai, kwance rabi, mayar. Haka har ya fito.

Hannu ma yana karatu. In noti ya yi tauri, sai kuma ka ji ya yi laushi kamar ana murɗa rake alhali bai fito ba, to ba kwancewa yake ba, karyewa yake shirin yi. Saki nan take. Ina yaron gareji na taɓa jin wannan laushin a notin salansa, na ɗauka nasara ce, na ƙara ja. Kan ya zo hannuna, sauran ya zauna cikin inji. Kwana biyu moton bawan Allah yana ajiye, shi kuwa da shi yake ciyar da gida. Har yau in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi.

Ƙananan kusoshin murfin inji masu kan gicciye su ma haka suke. Sukurdireban da bai cika gicciyen ba yana cinye su. Akwai sukurdireba na duka, wanda in ka buga masa guduma yake dannawa ya juya lokaci guda. Duk mai gyaran moto ya kamata ya mallake shi.

Wuta

Zafi yana buɗa ƙarfe, kuma alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Don haka ba notin ake gasawa ba, jikin da ke kewaye da shi ake ɗumamawa, ramin ya saki. Amma wuta da moto ba a haɗa su da wasa. Cire tanki ka kai shi nesa, zubar da man da ke cikin kafireta, goge man da ka fesa, kawar da wayoyi da roba, ka ajiye bokitin yashi kusa. In akwai mai sayar da esansi a kwalabe a gefenka, matsa da aikin wani wuri. Ka sani kuma alminiyom ba ya yin ja kafin ya narke. A wajen digiri 660 yake zubewa ba gargaɗi. Ɗumi kaɗan ya isa: in ka ɗiga ruwa ya yi cuu ya tashi, janye wutar ka gwada soket.

In kan ya riga ya cinye

Nemi soket da ya ɗan gaza notin, ka buga shi da guduma ya shiga dole. A nan sifanun inci, masu lamba biyu da karan tsaye a tsakani, suna da rana: 3/8 milimita 9 da rabi ce, tana kama mai 10 da ya cinye, 1/2 kuma ta ɗan gaza 13. In hakan bai yi ba kuma akwai fili, kama kan da filaya mai kullewa, ka matse ta iya ƙarfinka. Ko ka sa magagari ka gyara gefe biyu su miƙe, ƙaramar sifana ta samu wurin zama. Ƙaramin noti ana iya tsaga kansa da zarton ƙarfe a juya shi da faffaɗan sukurdireba. Akwai kuma kurfi: kafa bakinsa a gefen kan noti, a karkace, ka riƙa bugawa ta wajen kwancewa. Sa tabarau, ɓarɓashin ƙarfe ba ya tausayin ido.

Duk waɗannan in sun gaza, tura moton wurin mai walda. Zai ɗora sabon noti mai rami a kan tsohon, ya cika tsakiyar da walda. Ka samu sabon kai mai kusurwa shida, zafin waldar kuma ya girgiza tsatsa. A ganina wannan ta fi kowace dabara ga notin da ya karye daidai da jikin inji, don waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom. Kafin a kunna injin walda a cire tanki, a cire wayar batir, a zare akwatin wuta na CDI. A bari ya ɗan huce kafin a juya.

Huda ita ce ta ƙarshe, kuma ba aikin koyo ba ce a kan moton mutane. Ana buga alama a tsakiyar karyayyen notin daidai, a fara da siririn bakin huda mai milimita 3, a miƙe. Noti mai kaurin milimita 6 ba a wuce baki mai 5, in an wuce an ci zaren ramin. Akwai wani ƙarfe mai zaren hagu da ake murɗawa cikin hudar ya fito da guntun. Yana aiki, amma yana da tauri da saurin karyewa kamar gilashi, in kuwa ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa. Wanda bai saba ba ya kai wa masu injin gyaran ƙarfe. Ko zaren ramin ya lalace suna iya yanka sabo.

Notin da ya fito da wahala ba ya komawa. Kai shi kasuwa a matsayin samfur, a ba ka mai tsawonsa da irin zarensa. Duba kansa: in ka ga 8.8, mai ƙarfi ne. Wanke ramin, shafa ɗan giris a zaren, ka fara ɗaura shi da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi. In ya ƙi shiga da yatsu, a karkace yake, fito da shi ka sake.

Aiki

1. Rubuta jimla ɗaya da cije, ɗaya da cinye.
2. Me ya sa maigida ya tambayi yaro "sau nawa"?
3. A ce noti ɗaya dala 30 ne, aikin mai walda kuma jikka ɗaya, wato dala 200. Noti nawa kuɗin waldar zai saya, nawa zai rage?
4. Kowa ya zo da sifana ɗaya gobe, tasa ko ta aro. Za mu goge su, mu karanta lambobinsu, mu jera su a kan tabarma daga ƙarama zuwa babba.