Kurakuran da ke kashe garantin kayan bayan tarakta, su kuma raba mutum da hannunsa

Da an shiga watan Maris, kafin ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, sai rumfunanmu na Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai a Kumasi, su cika da garma da haro da injin yankan ciyawa da na ɓare masara, an ɗauko su daga Ejura, Techiman, Nkoranza, wasu har daga Afram Plains. Na daɗe ina kwance waɗannan ƙarafa ina ɗaurawa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne mafi yawan ɓarnar da hannun mai kayan aka yi ta, cikin rashin sani. Mutum ya tara kuɗin masarar shekara biyu ya sayi sabon inji, wata uku ya lalace, ya koma wurin dila a ce masa garanti bai hau kansa ba. Wani ma har da yatsun yaronsa ake haɗawa. Na lura abin da ke sa kamfani ya ƙi biya, sau da yawa shi ne dai abin da ke jikkata mutum, don haka zan kawo su tare.

Bari in fara da noti guda ɗaya, domin shi ya fi kawo mini aiki. Bara wani dattijo maƙwabcinmu a Aboabo ya kawo injin yankan ciyawa wanda bai cika wata huɗu ba, giyabos ɗin ya tsage, mai na tsiyaya. Na zaro notin da ke haɗa giyabos da sandar juyi, wadda ke kawo ƙarfin tarakta zuwa inji, na goge kansa da tsumma, sai ga 10.9 a rubuce, lambar noti mai ƙwari sosai ke nan.

Na ce, "Alhaji, wa ya sa wannan?"

Ya ce, "Masta, na asalin ne ya ishe mu da karyewa. Rana ɗaya sai ya karye sau biyu. Shi ne direba ya ce a samo mai ƙwari."

Na ce, "Alhaji, ai don ya karye aka yi shi."

Ya yi shiru yana kallon notin a tafin hannuna. Wancan na asalin da gangan aka yi shi daidai gwargwado, yadda in wuƙar inji ta bugi kututture ko dutse, shi zai tsinke ya raba tarakta da inji. Da aka sa wanda ya fi shi ƙarfi, bugun ya rasa inda zai tsaya, ya wuce kai tsaye cikin haƙoran giya. Garin neman gira aka rasa ido. Wakilin dila kuwa abin da ya fara dubawa ke nan, yana ganin lambar ya rufe littafinsa. Gyaran wannan kuskure mai sauƙi ne: ka duba littafin injin ka ga girma da lambar notin da suka ce, ka sayi guda goma ka ajiye a akwatin tarakta. In yana yawan karyewa, gonar ce ke da kututture, ko direba na sakin kuloci da ƙarfi, ko yana gudu fiye da kima. Can za ka nemi laifin.

Wasu injinan a maimakon noti suna da faifan kuloci mai zamewa. Shi kuma matsalarsa zama. In ya kwana wata uku ko huɗu a waje tun bayan girbi, faifan yakan yi tsatsa ya manne, ya zama kamar an yi masa walda. Kafin aikin farko, a sassauta notinan, a bar shi ya zame na ɗan lokaci kaɗan, sannan a mayar da su daidai awon da littafi ya ce.

Sai man giya. Sabbin injina da yawa ana shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema giyabos a bushe, saboda kada mai ya zube a kwantena. Mai saye ya ga fenti na ƙyalli, ya ɗaura ya shiga gona, awa ɗaya boris ya ƙone. Ka buɗe murfin awo da hannunka ka gani. Yawancinsu man giya mai lamba 90 suke sha, amma littafin ne alƙali. Baƙin man da aka juye daga injin tarakta ba ya wannan aiki, kuma in an aika giyabos ɗin bincike za a gane.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurare ni, wato sandar juyi da muke kira fitiyo. A gudunta na aiki tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, sau tara ke nan a daƙiƙa guda. Kafin ka ce "wayyo" ta naɗe hannun riga har kafaɗa. Robar da ke rufe ta, da 'yar sarƙar da ke hana robar juyawa, su ne abin da direbobi ke fara cirewa, wai suna hana sa giris. Mu kuma mutanen zango ga irin suturarmu: jalabiya, babbar riga, rawani, carbi na lilo a aljihu. Lokacin ɓare masara a Ejura za ka ga mata sun kewaye inji da kwanduna, mayafi na kaɗawa, yara na kwasar totuwa a ƙarƙashi, sanda tsirara tana juyi a tsakaninsu. Na taɓa riƙe wani saurayi a bayan mota zuwa asibiti bayan sandar ta kama gefen rigarsa yana tsallaka ta. Allah ya yi da sauran kwana, rigar tsohuwa ce ta yage, amma hannun bai koma daidai ba har yau. Tun daga ranar ba na barin sanda marar murfi ta fita daga rumfata, ko mai ita zai yi fushi.

Dokar a nan gajeriya ce. Ba a tsallaka sanda, a zagaya ta gaban tarakta. In wani abu ya toshe inji, a cire fitiyo, a sauke injin ƙasa, a kashe tarakta, a sa makulli a aljihu, a jira wuƙa ta tsaya cak, domin wuƙar injin ciyawa takan ci gaba da juyi bayan an kashe. Giris kuma robar tana da ƙofar sa shi, kuma gaɓoɓin sandar suna son sa kusan duk bayan aikin awa takwas.

Akwai kuskure biyu kuma a kan sandar nan da ke taɓa garanti. Na farko tsawo. Sabuwar sanda takan zo da tsawon da ya wuce, sai an auna an yanke ta daidai da taraktarka. In ta yi tsawo, ranar da ka ɗaga inji sama za ta tokare ta fasa giyabos ko bayan tarakta. In an yanke ta da yawa, ɓangarorin biyu za su zare tana cikin gudu, ta zama bulala. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu a cikin juna. Na biyu gudu. Bakin fitiyo mai haƙori 6 na 540 ne, mai haƙori 21 na 1000 ne. Wanda ya sa mahaɗi ya juya injin 540 da gudun 1000 ya kusan ninka masa gudu, kuma wuƙar da ta fita a wannan hali ba ta tambayar wa ke tsaye.

To, an yi duk abin da ya kamata, ƙarfe ya tsage da kansa, laifin masana'anta ne. A nan ne mu mutanen Kumasi muke cutar kanmu da gwanintarmu. Babu abin da mai walda na Magazin ba zai haɗa ba, ni ma ina alfahari da hakan. Amma in ka kai masa sabon haro ya ɗora wuta a kan tsagar kafin dila ya gani, ka goge shaidarka da kanka. Wanda zai duba yana so ya ga bakin karayar, daga nan ake gane ko waldar masana'anta ce ba ta kama ba, ko an yi wa ƙarfen lodin da ya fi ƙarfinsa. Na san damina ba ta jira, manoma na tsaye a kanka da kuɗinsu a hannu. Duk da haka, ka dakatar da aiki, ka ɗauki hoton wurin ta kusa da ta nesa, ka ɗauki hoton ɗan farantin da ke ɗauke da lambar inji, da agogon awa na tarakta, ka tura wa dila ta WhatsApp a ranar. In ya ce ka gyara za su biya, ya rubuto maka, maganar waya ba ta zama shaida. Ɓangaren da ya karye kuma kada yaran shago su sayar da shi ga masu gwangwan, domin ana iya neman sa.

Haka nan ƙare-ƙaren da ake yi: a ƙara wa garma mai faranti uku na huɗu, a ɗaura wa haro tsohon bulok na inji don ya nutse a busasshiyar ƙasa, a ƙara wa tirela tsayin bango. Duk wannan canza ƙirar kaya ne, kuma kusan kowace takardar garanti ta cire shi.

Takardar kanta mutanenmu ba sa karanta ta, wani ma ba ya karɓa, ciniki ne na amana da musafaha. Amana na da kyau, amma ranar da za ka koma wataƙila wanda kuka yi musafahar da shi ya bar wurin. Rasit ɗinka ya ɗauki kwanan wata, sunan inji da lambarsa. In akwai katin rajista, a cike shi kana tsaye. Ka sa ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka sharuɗɗan da Hausa kafin ka biya, ka kuma tambayi abu uku. Wata nawa ne, kuma daga yaushe ake ƙirga? A yawancin takardu shekara ɗaya ce daga ranar da aka miƙa maka kaya. Wanda ya saya a Nuwamba ya jingine har Afrilu ya cinye kusan rabin garantinsa a ƙarƙashin bishiya, don haka a gwada inji a makon da aka saye shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, ya shafi aikin haya? Wannan babba ne a wurinmu, tunda yawancin masu tarakta noman eka-eka suke yi wa jama'a, su gama kudu su hau arewa su bi damina, kuma kamfanoni da dama suna rage wa'adin sosai ga kayan da ake haya da su. Na uku, wa zai biya kuɗin mota da na makaniki? Faranti, wuƙa, bel da taya kuwa kayan da ke ƙarewa da aiki ne, ƙasa ke cinye su, ba a biyan su.

Kayan da aka yi amfani da su a Turai aka kawo, garantin masana'anta ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage maka shi ne alkawarin mai sayarwa in ya rubuta, da kuma dokar sayar da kaya ta Ghana ta 1962, wato Act 137, wadda ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana ba. Sai dai aibin da dubawarka ya kamata ta nuna, in ka duba ka karɓa, ya zama naka. Ka tafi da makanikinka ranar saye.

Girman inji da na tarakta ma a daidaita. Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75 ce, kada a rataya mata abin da aka ƙera don mai doki 120. In ka ɗaga garma ka ji sitiyari ya yi sakayau, gaban ya rasa nauyi, a sa ƙarafan nauyi a gaba. Fil ɗin hannuwan ƙasa na bayan tarakta, inda ake rataya inji, iri biyu muka fi gani, mai kaurin milimita 22 da mai 28. In ƙaramin fil ya shiga babban rami, a sa masa zoben cikewa, in ba haka ba zai yi ta girgiza har ya cinye ramin. Kuma a daina kulle fil da ƙusar kafinta ko guntun rodi. Wanda zai ja kututture ko motar da ta kafe, ya ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. In ya ɗaura ta sama da gatarin baya, tarakta takan miƙe ta kife da baya cikin kusan daƙiƙa ɗaya, direba na ƙarƙashi.

A kan titi, a haɗa fedojin birki biyu da sakatarsu, a kulle haidirolik. Mai saukowa gangaren Mampong da tirela cike da masara ya sa ƙaramar giya tun daga sama, kada ya taka kuloci ya sake ta. Leburori kuma su daina zama a kan garma ko a kan fikafikan taya, rami ɗaya ya isa.

Na ƙarshe haidirolik. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin haro da aka ɗaga don canza faranti sai an tokare shi da ƙarfe ko katako mai kauri, domin tiyo ɗaya in ya fashe, ko yaro ya taɓa liba, nauyin gaba ɗaya zai sauko. Matsin man nan yakan kai wajen 180 zuwa 200 a awon matsi na "bar", kuma ɗigon da ke fita ta 'yar huda siriri ne kamar allura, ido ba ya ganin sa sosai. Kada ka bi tiyo da tafin hannu kana neman inda ke yoyo, ka bi shi da guntun kwali. In man ya huda fata, wurin zai yi kamar cizon sauro, mutum ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, kwana biyu yatsa ya yi baƙi. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa. A tafi asibiti a sa'ar, in a Kumasi ake a wuce asibitin Komfo Anokye kai tsaye, a faɗa wa likita man haidirolik ne ya shiga da matsi, a kuma tafi da galan ɗin man domin su ga irinsa.