Yadda Ake Magance Duhu a Kusurwoyin Hoto

Fara ɗaukar hoton farin bango. In duhun a hankali yake shigowa daga gefe, ƙofar hasken gilashin kyamara ce ta buɗe da yawa, kamar f/1.8. Matse ta zuwa f/5.6 ko f/8, zai ragu sosai.

In kuwa kusurwoyin sun yi baƙi ƙirin, wani abu ne ke tare haske. Cire hular gilashin, wato zoben da ake ɗaurawa a bakinsa don kare shi daga hasken gefe, wataƙila ta karkace ko ba tasa ba ce. Jera filta biyu (faifan gilashi da ake ɗaurawa a gaba don tace haske) a kan gilashi mai faɗin gani, irin 18mm, shi ma yana jawo haka; bar siririya guda. Gilashin APS-C kuma, wanda aka yi don ƙaramar sensa (faifan da ke kama hoto a cikin kyamara), haskensa ba ya cika babbar sensa, gara a canza shi.

Ragowar duhun, manhajar gyaran hoto ta Lightroom na goge shi, amma ƙurar hoto, wato ɗigo-ɗigon da ke ɓata shi, kan ƙaru a wurin.