Yadda za ka tsufa da ƙafarka da hankalinka, ba sai an ajiye ka a ɗaka ba

Akwai wata magana da muke gaya wa tsofaffinmu da zuciya ɗaya amma tana cutar da su, wato "zauna ka huta". Baba ya yunƙura zai ɗauko abu a ce haba Baba zauna bari in kawo maka, Mama ta ɗauki tsintsiya a karɓe, kullum haka, kafin ka ankara mutumin da yake yawonsa da ƙafarsa ya koma sai an kama hannunsa zai tashi daga kujera. Sai mu ce ai tsufa ne. Eh da tsufa a ciki, amma wallahi kaso mai yawa zaman ne ya jawo. In ka haura 60 ko kana hanya, ko kana da tsoho a hannunka, ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Mataki na 1, ka je asibiti ranar da babu abin da ke damunka. A gwada jininka, a gwada suga, a duba ido da kunne da haƙori. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai iya shekaru da shi yana jin garau sai ranar da ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki. In awo yana nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, maganar likita ce, kuma in an ɗora ka a kan magani kar ka daina don ka ji sauƙi. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ɗaya, har wanda ka saya da kanka, ka kai wa likita ya gani, domin wasu ba sa jituwa da juna wasu kuma su ne ke sa jiri. Ka samu ɗan littafi kana rubuta sakamakon kowane awo da kwanan wata.

Mataki na 2 shi ne ƙafa, kuma a nan zan daɗe don shi ne ginshiƙin sauran. Tun daga wajen shekara 30 naman jikin mutum yake fara raguwa a hankali, bayan 60 abin ya ƙara gudu, kuma wanda ba ya motsi nasa ya fi saurin zagwanyewa. Cinya da ƙugu su ne ke tayar da kai daga gado, su kai ka banɗaki ba tare da ka kira kowa ba, to duk ranar da suka tafi mutuncin da kake ji na yi wa kanka abu ya bi su. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2020 ta ce wanda ya kai 65 ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a sati, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. Kar lissafin ya tsorata ka, minti 150 tafiyar minti 30 ce sau 5 a sati, tafiyar da za ka ɗan yi haki amma kana iya hira da na kusa da kai. In ka daɗe ba ka yi ba fara da minti 10, sati mai zuwa ka ƙara 5, ba gasa kake da kowa ba.

Na ƙarfin cinya kuwa kujera kawai kake buƙata. Jingina ta da bango don kar ta zame, ka zauna, ka rungume hannuwa a ƙirji, ka miƙe tsaye ka koma ka zauna a hankali ba ka faɗa mata tim ba. Yi sau 8 ko 10, ka huta, ka sake. In da farko sai ka dafa to ka dafa, watarana za ka ga hannun ya daina neman madafa da kansa. Na tsayuwa kuma ka riƙe bayan kujera ko bango ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ƙirga 10, ka sauya. Amma fa in ka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ka tsaya nan take ka ga likita kafin ka ci gaba, kuma mai ciwon zuciya ya fara tambaya tun kafin ya soma.

Mataki na 3, ka zagaya gidanka da idon mai neman abin da zai kayar da shi. Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce, alƙaluman hukumar nan ta lafiya sun nuna kusan mutum 684,000 take kashewa duk shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Tsoho in ya karya ƙugu ya kwanta watanni, sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Ɗauke wayar wuta da ta ratsa hanya, cire shimfiɗar da bakinta ke naɗewa, sa fitila tsakanin gado da banɗaki, a kafa maka ƙarfen dafawa a wurin wanka, ka rabu da silifas mai santsi. Da safe kar ka zabura ka miƙe, zauna a bakin gado minti ɗaya tukuna. Sanda kuma ba abin kunya ba ce.

Mataki na 4 ba zan ja shi ba. Abinci mai gina jiki a kowane ci, saboda tsokar da kake atisaye don ita da shi take ginuwa, kayan lambu da yawa, gishiri ƙasa da giram 5 a rana wato bai cika ƙaramin cokali ba. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba don jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, sai dai in likita ya ƙayyade maka. Barci awa 7 zuwa 8. Taba kuwa ko kana da 70 ka daina akwai riba.

Mataki na 5, kar ka yarda da "ai kunnen tsufa ne". Abin yana ba ni tausayi, mutum yana zaune cikin iyalinsa ana dariya shi bai ji me aka ce ba, ya tambaya sau biyu a gaji da maimaita masa, daga nan sai ya koma yin shiru, a ce ya zama miskili. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a rahotonsa na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, kuma raunin ji da raunin gani da kaɗaici duk suna ciki. Wani lokacin ma dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a asibiti shi ke nan. In na'urar ji ce a sa, in tabarau ne a sa, yanar ido kuma aiki ake yi mutum ya dawo yana gani.

Mataki na 6, mutane. Jami'ar Harvard da ke Amurka ta fara bin rayuwar wasu matasa tun 1938 har suka tsufa, babban abin da aka gano shi ne kyawun zaman mutum da na kusa da shi yana hasashen lafiyarsa da farin cikinsa a tsufa fiye da dukiya ko muƙami. Matsalar ita ce abokai suna raguwa, wannan ya rasu wancan ya ƙaura, yara kowa na fama da gabansa. To kar ka zauna jiran a tuna da kai. Rubuta sunan mutum 5, kullum ka kira ɗaya ko ka taka ka je. Ka sa rana tsayayya a sati da za ka haɗu da wani, domin "sai mun haɗu" ba ta da ranar cika. Kuma ka yi abokai cikin waɗanda ka girme su, kar duk abokanka su zama sa'o'inka. Ka sa jika ya koya maka kiran bidiyo, ya nuna sau goma in ta kama.

Mataki na 7, ka samu abin da in ba ka tashi ka yi ba wani zai ji a jikinsa. Wanda ya yi shekara 35 yana fita aiki rana ɗaya aka ce ya yi ritaya, satin farko daɗi, wata na uku sai ya fara jin kamar ba shi da amfani, wannan jin kuwa yana cin mutum fiye da ciwon gwiwa. Koyar da sana'ar da ka iya, riƙe karatun yaro ɗaya, shuka wani abu da sai ka ba shi ruwa, ko ka koyi abin da ka daɗe kana sha'awa ba ka samu lokaci ba. In kuma ka ga sati 2 ko fiye ba ka jin daɗin komai, abinci ya fita ranka, barci ya lalace, kar a ce halin tsufa ne, ciwon damuwa ne mai yiwuwa kuma yana da magani, a je asibiti.

Ku kuma 'ya'ya, ku bar wa Baba da Mama wani aiki a gidan da yake nasu ne su kaɗai, ku riƙa neman shawararsu a kan abu na gaske ba don faranta rai ba. In Baba ya miƙe zai ɗauko kofinsa, ka matsar da abin da ke kan hanya ka tsaya kusa, ka bar shi ya ɗauko.